Fatake a Tsakanin Taurari: Tarihin Wasannin Kumbo da na Tuƙin Jirgin Sama

Kawuna ya haura shekara talatin yana fataucin albasa. A Aliero yake yin lodi, ya bi mota har kudu, ya dawo da manja ko goro, gwargwadon abin da kasuwa ta nuna. Bai taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. Da ƙaramar sallah ya sauka gidanmu a Birnin Kebbi, bayan la'asar ya tarar da ƙanena, ɗan shekara goma sha biyar, ya duƙufa a zaure kan wata tsohuwar kwamfutar cinya da baturinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta take aiki. Babu komai a fuskarta sai jerin sunayen kaya da farashinsu.

"Kai yaro, mi kaka yi nan tun ɗazu?"

"Kasuwanci nake yi, Kawu. Mutanen wannan duniyar manoma ne, abinci da araha. Waccan kuma masana'antu gare su, abinci da tsada, injuna da araha."

Kawu ya gyara zama, ya sa tabarau. "Man zuwa can nawa na?" Yaro ya faɗa masa. "Motar taka kaya nawa taka ɗauka?" Ya ce tan ashirin. "Hanyar da lahiya?" Ya ce akwai 'yan fashi, musamman wuraren da babu gwamnati. Kawu ya daɗe yana duban lambobin nan, sannan ya jinjina kai ya ce, "To wanga ai hwatauci na."

Sunan wasan Oolite. Kyauta ake sauke shi, masu sha'awa ne suka gina shi a kan tsarin wani tsohon wasa mai suna Elite da ya fito a Ingila a 1984. Tambayoyi ukun da Kawu ya yi, wato mai da lodi da lafiyar hanya, su ne ginshiƙan da aka kafa wannan nau'in wasa a kansu tun shekara arba'in da suka wuce. Tun ranar nake jin ya kamata a warware wa iyaye da malamai abin da ke cikin waɗannan wasanni, domin a wurinmu duk abin da aka kira gem kuɗin goro ake yi masa, a ce ɓata lokaci ne. Wasu ɓata lokacin ne, babu musu. Amma akwai dangi biyu da suka bambanta da sauran: masu kwaikwayon tuƙin jirgin sama, da masu fatauci a sararin samaniya. Tarihinsu ya taɓa horar da matuƙa, ya taɓa ilimin tattalin arziki, ya kuma sauya yadda ake gina wasannin kwamfuta baki ɗaya.

Na tuƙin jirgi shi ne babba a shekaru, kuma ya girmi kwamfutar kanta. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, ya ƙera wani akwati mai siffar mazaunin matuƙi. Ya ɗora shi a kan zugazugai irin na kayan kiɗan, kusan irin na maƙeranmu. In ka tura sandar tuƙi, iska ta shiga wani zugazugi ta fita daga wani, akwatin ya karkata. Da farko babu wanda ya ɗauke shi da muhimmanci sai masu wuraren shaƙatawa. Sai a 1934, lokacin da aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa fiye da goma suka halaka cikin ɗan lokaci, akasari saboda tashi da dare ko cikin mummunan yanayi. A nan ne sojoji suka sayi akwatunan Link guda 6. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, kuma matuƙan Amurka sama da 500,000 sun yi horo a cikinsu.

Abin da akwatin ke koyarwa ya shafe mu kai tsaye, mu da muka san hazon hunturu da ke hana jirage sauka a Arewa. Idan matuƙi ya shiga gajimare ko hazo, ba ya ganin ƙasa, jikinsa yakan yaudare shi. Sai ya ji kamar a miƙe yake alhali jirgi ya karkata, ko ya ji yana hawa alhali gangara yake yi. Maganin abin shi ne ya ƙaryata jikinsa ya gaskata agogunan awo da ke gabansa, kuma wannan ba abu ne da ake koya da baki ba. Sai an rufe mutum a cikin akwati, ya yi kuskure, ya sake yi, har hannunsa ya saba. Amfanin na'urar kwaikwayo ke nan tun asali: wurin da za ka faɗi sau ɗari ka tashi ka karkaɗe riga.

Wanda ya shigo da wannan cikin gidajen mutane shi ne Bruce Artwick, wanda ya yi karatu a Jami'ar Illinois. Kamfanin subLOGIC ya fitar da manhajarsa ga kwamfutar Apple II a wajejen 1980, ƙasa da duwatsu duk zanen layuka ne kawai. A 1982 Microsoft ta fitar da ita da sunan Microsoft Flight Simulator, wato ta girmi Windows da shekara uku. Manhajar tana matse kwamfuta sosai, har ta kai masu ƙera kwamfutoci irin na IBM suna gwada ingancin kayansu da ita: in ta yi aiki lafiya, to kwamfutar ta cika.

Akwai hanya biyu da ake sa jirgin ƙarya ya yi halin na gaske, kuma bambancinsu yana da daɗin sani. Hanya ta farko ita ce a tattara bayanan jirgi na ainihi a jadawali: a gudu kaza, da karkata kaza, ga abin da yake yi. Manhaja ta riƙa duba jadawalin tana aiwatarwa. Hanya ta biyu ita ce wadda Austin Meyer ya bi a X-Plane, da ya fito a 1995. Shi yanka fiffiken ya yi gunduwa-gunduwa a lissafi, manhaja ta riƙa auna yadda iska ke dukan kowane yanki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, ta tara sakamakon. Da wannan hanya kana iya zana jirgin da ba a taɓa ƙerawa ba, ka ga ko zai tashi. Shi ya sa ɗaliban injiniya suke sonta.

Microsoft ta rufe sashen da ke yin manhajar Flight Simulator a 2009, har aka ɗauka an yi jana'izarta. Wani reshe nata ya koma hannun Lockheed Martin, kamfanin ƙera jiragen yaƙi, ya zama Prepar3D da ake horo da shi. Sai a 2020 ta dawo ta hannun kamfanin Asobo na birnin Bordo a Faransa, da abin da ba a taɓa gani ba: duniya sukutum, daga hotunan tauraron ɗan'adam na taswirar Bing ta Microsoft, bayanai sama da gigabait miliyan biyu da ake turo maka ta intanet yayin da kake tafiya, da filayen jirgi kusan 37,000, da yanayin sama na ainihin wannan lokacin. Mutum zai iya tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, inda alhazanmu ke tashi, ya bi fadamar gulbi ta sama har Argungu. Akwai ma wata haɗaka, VATSIM, da aka kafa a 2001, inda wasu ke zama matuƙa wasu kuma masu kula da zirga-zirgar jirage, suna magana da juna da ainihin ƙa'idojin aikin.

Amma kada a yaudari yaro. Wanda ya ƙware a kwamfutar gida bai zama matuƙi ba. Kujerar zaure ba ta girgiza, ba ta danna ka ƙasa in jirgi ya juya, kuma babu tsoro a cikinta. Malaman tuƙi sukan koka cewa masu zuwa daga wasan gida suna kafe ido a kan agogo, su manta da leƙa waje. Na'urorin da kamfanonin jirage ke amfani da su wani abu ne daban: ɗaki guda a kan ƙafafu shida masu motsi, kuɗinsa miliyoyin daloli, kuma matuƙan manyan jirage suna komawa cikinsa lokaci-lokaci a kashe musu inji ko a kunna musu gobara a ga abin da za su yi. Hanyar zama matuƙi a ƙasar nan har yanzu ita ce makaranta, irin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Abin da wasan gida ke yi shi ne ya sa wa yaro ƙishirwar abin, ya koya masa karanta agogo da taswira, ya nuna masa cewa lissafin da yake gudu a aji shi ne ke riƙe da jirgi a sama. A ganina wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga yaron da bai taɓa taka matakalar jirgi ba.

Yanzu mu koma ga wanda ya ja hankalin Kawu.

Wasan kumbo ya fara tun 1962, lokacin da Steve Russell da abokansa a jami'ar MIT suka yi Spacewar, jirage biyu suna harbin juna a kewayen tauraro. A 1974 Dave Kaufman ya rubuta Star Trader, wanda saye da sayarwa ne zalla, rubutu da lambobi babu hoto. Waɗanda suka haɗa biyun wuri guda ɗalibai biyu ne a Jami'ar Kambirij, David Braben da Ian Bell. Kwamfutar da suka yi aiki a kanta sunanta BBC Micro. E, BBC ɗin nan da muke saurara da safe, ita ta ɗauki nauyin wani shirin wayar da kan Turawan Ingila game da kwamfuta, kamfanin Acorn ya ƙera na'urar, aka baza ta a makarantu. Ƙwaƙwalwarta kilobait 32 ce kacal. Hoto ɗaya da ake turawa ta WhatsApp yakan fi wannan nauyi.

Da suka kai wasan kamfanin Thorn EMI, kamar yadda Braben ya sha ba da labari, an ƙi karɓa. A lokacin an saba da wasa mai rai uku, da maki, a gama cikin minti goma. Nasu ba shi da ko ɗaya. An ba ka kumbo mai suna Cobra, da jarin kuɗi 100, a tashar wata duniya mai suna Lave, shi ke nan. Babu wanda zai ce maka ga inda za ka. In ka so ka zama falke, in ka so ka haƙo ma'adinai, in ka so ka farauci 'yan fashi a biya ka lada, in ka so kai ma ka zama ɗan fashin, hukuma ta bi ka. Acornsoft, sashen manhaja na kamfanin Acorn, ce ta yarda ta buga shi a 1984.

Abin al'ajabin shi ne yadda suka cusa duniyoyi 2,048 a cikin wannan 'yar ƙwaƙwalwa: garken taurari 8, kowanne da duniya 256, kowace duniya da sunanta da matsayinta a taswira da irin gwamnatinta da arzikinta. In da za a rubuta bayanan nan ɗaya bayan ɗaya, da sun cinye wurin kaf tun ba a fara wasan ba. Sai suka yi dabarar manomi. Manomi ba ya ajiye gona a rumbu, iri yake ajiyewa. Su ma lambobi uku kawai suka ajiye. Manhaja ta tara ukun ta samu sabuwa, ta jefar da mafi tsufa, ta sake tarawa, haka dai. Bayan 'yan juyi, sai ta dubi lambobin da ke hannu: wannan ɓangare shi zai nuna wurin duniyar a taswira, wancan ya nuna ko manoma ne ko masu masana'antu, wani ya nuna irin mulki, wasu kuma su zaɓo gaɓoɓin da za a harhaɗa suna da su. A ci gaba da juyi, duniya ta gaba ta fito. Tun da irin ɗaya ne kuma ƙa'idar ɗaya ce, kullum abu ɗaya zai tsiro. Lave da ƙanena ke gani a zaurenmu ita ce Lave da yaran Ingila suka gani a 1984, da maƙwabtanta Diso da Leesti da Zaonce, kowace a mazauninta. Ɗaliban ma sun so su sa garken taurari da yawansu ya wuce hankali, masu bugawa suka ce a tsaya a 8 don kada mutane su gane cewa lissafi ne ke haifar da su.

Ita kasuwar, kaya iri 17 ne a cikinta, daga abinci da tufafi zuwa injuna da kwamfutoci da zinariya. Duniyar manoma tana sayar da abinci da fatu da araha, tana sayen injuna da tsada, ta masana'antu kuma akasin haka. Tankinka ba ya wuce tafiyar haske ta shekara 7, don haka dole ka tsara zangonka. Inda mulki ya kafu, hanya lafiya, riba daidai wa daida. Inda babu hukuma, kamar Riedquat, 'yan fashi sun fi ƙuda yawa. In ka tsira ka iso, saura shiga tasha, wadda ke juyawa a kan kanta da ƙofa siririya kamar bakin asusu. Sai ka daidaita juyin kumbonka da nata, in ka kuskure ka daki bango, kai da kayan duka kun tafi.

Wanda ya san tarihin ƙasar nan ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kakanninmu fatake sun yi wannan da ƙafa da jaki. Ayari ya tashi da kanwa da tufafi da fatu, ya yada zango a Jega, ya gangara Yawuri ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu da ake tsoron maharanta, har Gwanja, ya dawo da goro bayan watanni. Madugu ke lissafin zango da guzuri da kuɗin fito da abin da za a ba sarakunan hanya, jagaba na gaba yana duba lafiyar daji. Yaran Kambirij ba su san Jega ba. Amma duk inda aka yi nisa tsakanin mai kaya da mai buƙata, kuma akwai haɗari a tsakani, lissafin iri ɗaya ne, shi ya sa Kawu ya gane shi cikin minti biyu.

Akwai abu biyu a Elite da ba na iya wucewa ban faɗa ba. Na farko, cikin kayan nan 17 har da bayi, tare da ƙwayoyi da makamai. Wasan ya ɗauke su haramtattu, in ka yi safararsu 'yan sanda za su bi ka, amma duk da haka mutum ne aka jera a jadawali ana auna shi da tan. Mu da ayarinmu na da suka ɗauki irin wannan kaya da gaske, bai kamata mu ga layin nan mu wuce kamar ba komai ba. Na zaunar da ƙanena mun yi maganar. Na biyu, ko da yake wasan fatauci ne, darajar ɗan wasa ba da dukiya ko amana ake auna ta ba. Daga matakin marar cutarwa har zuwa matakin ƙoli da wasan ya ci sunansa, yawan jiragen da ka harbo ake ƙirgawa. A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka hana mutane bin wasu hanyoyi da zuwa gonakinsu, fashi ba abin nishaɗi ba ne a kunnenmu, kuma ina ganin daidai ne uba ya san wane hali ɗansa ke zaɓa a cikin wasan.

Tasirin Elite ya wuce sararin samaniya. Tsarin da ake ce wa buɗaɗɗiyar duniya, inda ake sakin ɗan wasa ya yi yawo ya zaɓi abin yi, Elite yana cikin manyan tushensa. Gary Penn, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin Grand Theft Auto na farko a 1997, ya ambaci Elite a matsayin abin da suka yi koyi da shi. Dabarar iri kuwa ita ce No Man's Sky na 2016 ya faɗaɗa har duniyoyinsa suka kai adadin da rayuwar mutum ba za ta isa ya leƙa ko ɗigo daga ciki ba. Tsakanin nan an yi wasu wasannin kumbo irin su Frontier a 1993, da Privateer a shekarar, da jerin wasannin X na Jamus daga 1999, da Freelancer a 2003. Braben kansa ya dawo da Elite Dangerous a 2014, da taurari biliyan 400, gwargwadon garken taurarin da ranarmu take ciki. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa gidauniyar Raspberry Pi, mai yin 'yar kwamfutar nan mai araha kamar tafin hannu don yara su koyi rubuta manhaja, kamar yadda shi ya koya a ƙuruciya.

Inda abin ya kai maƙura shi ne EVE Online, na kamfanin CCP da ke ƙasar Aislan, wanda ya fara a 2003. A Elite kwamfuta ce ke yanka farashi. A EVE mutane ne, dubbai a lokaci guda, a duniya guda. Kusan duk abin da ke kasuwa wani ɗan wasa ne ya haƙo ma'adininsa, wani ya tace, wani ya ƙera, wani ya yi dakonsa, wani ya kasa. In aka fasa maka jirgi ya fasu ke nan, sai ka sayi wani, kuma wannan asarar ce ke sa kasuwa ba ta mutuwa. Akwai waɗanda sana'arsu kawai dako ce: ka ba su kaya, su ajiye jingina daidai da darajarsa, in sun isar a mayar musu da jinginar tare da ladansu, in an tare su a hanya jinginar ta zama taka. Akwai dillalai da ba sa fita daga tasha, suna saye da sayarwa a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba, amma sau dubu. Babbar kasuwarsu, Jita, 'yan wasa ne da kansu suka mayar da ita cibiya saboda kyawun mazauninta, kamar yadda kasuwa ke kafuwa a mararraba. An kuma raba sararin gida-gida gwargwadon tsaro, daga inda 'yan sanda ke hukunta mai laifi nan take zuwa inda ƙarfinka ne kawai dokarka, kuma arzikin ya fi yawa inda tsaron ya fi ƙaranci.

Abin ya girma har a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki, Dakta Eyjolfur Gudmundsson, aiki na dindindin, yana bibiyar hauhawar farashi da yawan kuɗin da ke yawo, yana fitar da rahoto kamar na babban banki. Ga mai bincike wannan taska ce, domin a kasuwar gaske ba ka taɓa ganin kowace ciniki, a nan kuwa komai a rubuce yake. A watan Janairun 2014 aka gwabza yaƙin da ake kira B-R5RB. Mafarinsa kuɗin riƙe wani yanki ne da wata ƙungiya ba ta biya a kan lokaci ba, abokan gaba suka ga ƙofa suka afka. Aka shafe awa 21, mutane fiye da 7,000 suka shiga, aka ragargaza manyan jirage 75 irin waɗanda ake ɗaukar makonni ana ƙera guda. Da aka kwatanta asarar da kuɗin gaske, an ƙiyasta ta kai wajen dala 300,000. Sai dai EVE yana da halin da ba na so: damfara da cin amana halal ne a dokarsa, muddin a cikin wasan aka yi. Mutum zai shekara yana gina yarda a ƙungiya don ya kwashe baitulmalinta rana ɗaya, a kuma yaba masa.

Wani abin lura shi ne Star Citizen na Chris Roberts. Tun 2012 ake karɓar kuɗin jama'a don gina shi, an tara ɗaruruwan miliyoyin daloli, har yau ana kan gini. Babbar hanyar tara kuɗin ita ce sayar da jirage, wasu tun suna zane a takarda. Masoyansa suna cewa abin da aka riga aka gina ba shi da na biyu, kuma akwai gaskiya a ciki. Ni dai a wurina biyan kuɗin gaske a kan jirgin da ba a ƙera ba cinikin biri a sama ne, kuma ba zan ba yaro shawarar ya sa ko sisi ba.

Amma akwai kyakkyawan hali ma da ya tsiro a waɗannan duniyoyi ba tare da kowa ya shuka shi ba. A Elite Dangerous mutum yakan yi nisa mai ya ƙare masa, iskar shaƙarsa tana raguwa. A 2015 wasu 'yan wasa suka kafa ƙungiyar Fuel Rats, aikinsu kawai su kai wa wanda ya maƙale mai, kyauta, ko da tafiyar awowi ce. Da na ba Kawu wannan labari bai yi mamaki ba. Ya ce haka direbobin lodi suke, ba a wuce ɗan'uwa da mota ta mutu masa a daji. EVE ma ya taɓa sa 'yan wasansa aikin kimiyya na gaske, suna tantance hotunan ƙwayoyin halitta da bayanan taurari don taimakon masu bincike.

Mu a nan matsalarmu a fili take: wuta da data da tsadar na'ura. Sabon Flight Simulator yana son kwamfuta mai ƙarfi da intanet marar yankewa, wanda gidaje kaɗan ne ke da su a Birnin Kebbi, balle Kamba ko Zuru. Amma FlightGear, da masu sa kai suka fara a 1997, kyauta ne, haka Oolite, kuma duka biyun a buɗe rubutun manhajarsu yake, yaro zai iya leƙawa ya ga yadda aka ɗinka su, har ya sauya. Akwai na waya ma, irin su Infinite Flight da X-Plane. Wayar da ke da ƙwaƙwalwa gigabait 4 ta ninka kwamfutar Braben da Bell fiye da sau 100,000. Abin da ke ci mini rai shi ne har yau ban ga wasan da ya ɗauki ayari daga Jega zuwa Gwanja ba, da jakuna da zango da fito da farashin goro, alhali duk ƙa'idojin da ake buƙata suna bakin dattawanmu, lissafin kuma bai fi ƙarfin ɗalibin kimiyyar kwamfuta a jami'ar Aliero ko ta Kalgo ba.

A daren ranar da Kawu ya tarar da shi a zaure, ƙanena ya cika kumbonsa da abinci daga Diso ya nufi Leesti. Yana tsakiyar hanya aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu, kuma a wasan ba a adana ci gaba sai an shiga tasha. Washegari da hantsi, Kawu na shirin komawa Aliero, ya leƙo zaure.

"Lodin jiya ya isa?"

"Wuta ta ɗauke, Kawu. Sai na sake daga Diso."

"To kana rubuta hwarashin kowace kasuwa?"

Yaro ya ce a'a, yana riƙewa a ka. Kawu ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro wani ɗan littafi da ya sha jiki, an ɗaure shi da roba, shafukansa cike da sunayen garuruwa da lambobi, wasu da boko wasu da ajami. Ya buɗe ƙarshensa, ya yago fararen shafuka biyu, ya miƙa masa tare da biro. Ƙanena ya ja layi a tsakiya, ya rubuta Diso a dama, Leesti a hagu, ya fara kwafe farashin abinci.